Gidan Kaka a Kasuwa: Tarihin da Ke Cikin Wani Tsohon Soro na Mirya

Duk wanda ke bin hanyar Damagaram zuwa Magarya, ko ta Maraɗi zuwa Tasawa, ya san rubutun nan da ake yi da fenti ko gawayi a jikin bango: “À vendre”, a ƙasansa lambar tarho. A da, kangon fili ne ake yi wa wannan rubutu, ko gidan siminti da mai shi ya kasa ƙarasawa. Amma a ƴan shekarun nan rubutun ya fara hawa bangayen da ba a saba ganin shi ba, wato tsofaffin gidajen ƙasa masu zankaye a kai da zane a ƙofar zaure. Gidan kakanninmu da ke Mirya yana cikinsu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ƴan uwana ɗalibai, mu da muke karatun tarihi mun saba neman shi a cikin littafi da kundin ajiya na Nasara. Ni kuwa ina son mu karanta shi yau a jikin bango. Abin da zan nuna shi ne, jama'ar da ke cikin gidan ƙasa su ne ke riƙe da shi, fiye da tubali da azara. Muddin akwai hannuwa da yawa da za su yi yaɓe kafin kowace damina, gidan zai wuce shekara 100 yana tsaye. Ranar da hannuwan suka watse, ranar ce gidan ya fara faɗuwa, ko da tsaga ba ta bayyana ba tukuna. Saboda haka tarihin sayar da gidanmu tarihin watsewar waɗannan hannuwa ne, kuma ya faro tun kafin a haifi iyayenmu.

Garin da gidan yake

Mirya tana kimanin kilomita 18 daga birnin Damagaram ta wajen gabas. Yau an fi saninta da kasuwar Lahadi, da tukwanen da matanta ke ginawa, da garake da manyan kukoki. Amma tsohuwar sarauta ce, ɗaya daga cikin masarautun Sosebaki, tun kafin Zinder ta zama abin da ta zama. A farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sulaiman ya kafa gadon sarautar Damagaram a Zinder, daga nan masarautar ta yi ta bunƙasa tana haɗiye maƙwabta, Mirya ma ta shiga ƙarƙashin ikonta. Damagaram kanta tana kai gaisuwa Barno a wancan lokaci.

Ƙarfin masarautar ya kai ƙololuwa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga tsakiyar ƙarnin har 1884. Shi ya faɗaɗa ganuwar Birni, ya sa maƙera suna ƙera igwa a cikin gari. Wanda ke son bayani dalla-dalla ya nemi littafin da Andre Salifu ya wallafa a 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19. Abin da ya shafe mu a nan shi ne inda dukiyar ta fito. Zinder tana kan babbar hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus, ta bi Gat da Ayar, ta sauka Kano. Fatake na Gadamas da Abzinawa suna sauka a Zango, wajen ganuwa. Daga arewa ana kawo yadi, takarda, sukari, duwatsun ado da makamai. Daga nan ana tafiya da jemammun fatu, gashin jimina, hauren giwa da bayi. Gishirin Bilma da kanwar Mangari su ma ta nan suke bi su yi kudu. Baturen Ingila James Richardson ya zauna a Zinder a farkon 1851, Heinrich Barth kuma ya iso a ƙarshen 1852, dukansu sun rubuta abin da suka gani na wannan ciniki.

A gidanmu ana cewa a zamanin Tanimu ne kakan kakanmu ya gina zauren da soron bene. Falke ne mai sayen fatu da kanwa a kasuwannin karkara, ya kai Zango ya sayar wa masu ayari. Bai kai sahun manyan attajiran Zango irin su Malam Yaro ba, amma ya samu abin da zai ɗauko magini ya yi masa ginin da duk mai wucewa zai san akwai mai hali a ciki.

Yadda aka gina shi

Wanda ya tashi a cikin gidan bulo zai ɗauka ginin ƙasa abu ne mai sauƙi, a kwaɓa laka a ɗora. Ba haka ba ne. Ana haƙo ƙasar daga kududdufi, a zuba ruwa, a haɗa da ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune bisa bango, ana jefo masa tubali da curin laka daga ƙasa yana jerawa. Bangon zaurenmu a gindi ya fi tsawon hannun babban mutum kauri, yana tafiya sama yana sirancewa. Wannan kaurin ne ya sa da bazara, lokacin da ɗakin kwano ya zama tanda, zauren yake da sanyi kamar bakin randa.

Rufin kuwa azara ce, wato tsagin giginya, itacen da gara ba ta cika samun sa'a a kansa ba. Azara da wuya ta ƙetare mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba idan an ɗora mata ƙasa. To yaya aka yi aka rufe zaure mai faɗi? Nan ne gwanintar maginan Hausa take. Suna dasa azara a cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Zaurenmu yana da baka biyu da suka gitta juna a tsakiya, kuma a mahaɗarsu an manna tasa. A kan rufin akwai indararo da ke zubar da ruwa nesa da gindin bango, a kusurwoyi kuma zankaye.

Sai abin da ke kare ginin daga ruwa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a haɗa da ƙasa a yi shafe. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, da gashin da majema ke kankarowa daga fata, da dafara. Ku lura da wannan da kyau. Rufin gida yana dogara da marini da majemi. Idan marina ta mutu, katsi ya ɓace, rufin soro ya rasa rigarsa. Sana'o'in gari a sarƙe suke da juna, kuma gidan ƙasa yana tsakiyarsu.

Akwai tambayar da ba a cika son yi a gidaje irin namu ba: wa ya tattake lakar? Wa ya ɗauko ruwan? Magini yana da sunansa da ladansa, sana'arsa ma tana da sarki, Sarkin Magina. Amma aikin ƙarfi a gidajen masu hali na wancan zamani bayi ne suka yi mafi yawansa. Richardson ya ga ana shigowa da kamammun mutane Zinder da idonsa. A bayan gidanmu akwai wani sashe da tsofaffi ke kira “bayan rumbu”, kuma kowa ya san waɗanda suka zauna a can. Idan za mu yi alfahari da bakan gizon, wajibi ne mu ambaci waɗanda guminsu ke cikin bangon. Tarihin da ya tsallake su ya zama kirari.

Zuwan Nasara da mutuwar ayari

A watan Mayu na 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou da tafintansa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara mai zuwa sai ga rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da toka a Lugu da Birnin Ƙonni da garuruwa da yawa a kan hanya. Sojojinsu ne suka kashe su biyun a yankin Tasawa a watan Yuli na 1899, amma sauran rundunar ta ci gaba, ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga Zinder. Ba a daɗe ba aka kashe Kuran Daga. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi gudun dole, kuma ba a maido da sarautar ba sai 1923.

Wannan duka mun haddace shi tun muna lakwal. Abin da ya fi taɓa gidanmu kuwa bai zo da ƙarar bindiga ba. Na farko, a 1905 Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a ƙasashen da ta mallaka a yammacin Afirka. Bautar ba ta ƙare a rana ɗaya ba, amma mutanen “bayan rumbu” sun fara tashi, wasu suka sari gonakinsu, wasu suka yi kudu. Na biyu, tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamun iyaka tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingila, Kano ta koma wata ƙasa, aka sa kwastan a hanyar da kakanni ke bi ba tare da tambayar kowa ba. Na uku, a 1911 dogo ya iso Kano, kuma a shekarar ce Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ratsa hamada da su, yanzu jirgin ƙasa na kawo su daga Ikko cikin ƴan kwanaki. Ayarin arewa ya shiga mutuwa. A kan wannan sai ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ga lanho da dole a biya da kuɗin Nasara, ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946.

Zinder ta zama hedkwatar yankin soja na Nijar a 1911, har mutane suka ɗauka gari zai sake tashi. Amma a 1926 gwamna Brévié ya mayar da hedkwatar Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, haka ma kusancin garin da Kano ta Ingilishi. Daga nan Damagaram ta zama gefe.

A jikin gidanmu ana iya ganin wannan zamani. Akwai wata babbar farfajiya a gefen zaure inda ake sauke kayan raƙuma da jakuna. Ɗakunan ajiya biyu da ke bakinta sun daɗe da zama tudu, domin tun wancan lokaci aka daina yi masu yaɓe. Ba a yaɓe ɗakin da ba a ajiye komai a cikinsa.

Zamanin gyaɗa

Gidan ya sake samun rai da gyaɗa, wadda ƴan uwanmu na yamma ke kira gujiya. Nasara yana buƙatar mai, manomi yana buƙatar kuɗin lanho, sai kudancin Damagaram da Maraɗi suka zama gonar gyaɗa. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa ma'auni a kasuwanni, suna ba ƴan ƙasa kuɗi su sayo masu daga ƙauyuka. Da farko ta dogon Nijeriya ake fitar da ita, daga baya a shekarun 1950 aka buɗe hanyar Dahome zuwa Kwatano. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 ta karɓi cinikin.

Kakanmu, mahaifin babana, yana cikin masu sayen gyaɗa. Da kuɗinta ya tafi Makka, da kuɗinta ya huda bangon gidan ta wajen hanya ya yi kanti mai ƙyauren ƙarfe, da kuɗinta ya yi ɗakin kwano na farko a unguwar. Ya kuma sa aka sabunta zanen fuskar zaure. Wanda ya tsaya ya duba zai ga zane hawa biyu. Na ƙasa tsoho ne, dagi da sarƙaƙƙun layuka da aka fitar da laka. Na sama kuwa akwai keke da agogo, an shafa masu shuɗi da kore. Masu yawon buɗe ido kan ce na saman ya ɓata na ƙasan. Ni ban yarda ba. Keken nan shaida ce ta abin da mutumin 1950 yake gani a matsayin arziki, kamar yadda takobi yake ga mutumin zamanin Tanimu.

Muhimmin abu shi ne, a wancan lokaci gandu yana nan. Kaka da ƙannensa da ɗiyansu maza duk gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, tukwane na tafasa a tsakar gida ɗaya. Bayi sun tafi, amma samarin gida da almajirai sun maye gurbinsu a aikin laka. Gwaggona ta ce idan sanyi ya wuce, kaka yakan tsaya a tsakar gida bayan sallar asuba ya ce, “Jibi yaɓe.” Ba a ƙara magana. Ƴan mata su yi ta jigilar ruwa, samari su tattaka ƙasa, a kira magini ya duba rufi da indararo, mata su dama fura mai yawa. Kwana uku ko huɗu an gama. Kuɗin da ake kashewa kaɗan ne, domin ƙasa kyauta ce, hannu ma kyauta ne.

Fari, ci-rani da siminti

Farin 1973 da 1974 ya karya wannan tsari. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, manoma suka koma wa hatsi da wake, cinikin da ya riƙe gidaje irin namu ya durƙushe. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Gandu ya kasa ciyar da kowa. Kowane magidanci ya ja ɗiyansa ya nemi nasa. Daga gidanmu wani ya tafi Arlit aikin ma'adinin uraniyom, wani ya yi Kano, wani ya shiga aikin gwamnati aka yi ta yawo da shi daga Difa zuwa Doso, ƙananan kuma daga baya suka bi hanyar Libiya da Aljeriya. Mu jikoki aka sa mu lakwal, kuma lokacin yaɓe yana faɗowa muna cikin aji.

Haka aikin da a da ake yi da fura ya koma aikin da ake biya da jikkuna. Lebura sai an biya, amalanken ƙasa sai an biya, domin kududdufan cikin gari an cike su an yanka filaye. Ruwa sai an saya. Azara ta yi tsada, giginya ta ragu, kuma ma'aikatan gandun daji ba sa barin a sare ta yadda aka ga dama. Marina ta ja baya, laso ya zama labari. Maginan da suka iya bakan gizo suka tsufa, ɗiyansu suka koyi aikin bulo domin shi ke kawo abinci.

Ga kuma canjin da ya shiga cikin kai. Siminti, na Malbaza ko na Nijeriya, ya zama alamar wanda ya ci gaba, “banko” kuwa ya zama kalmar da ake faɗa da ɗan raini. Wani baffana da ya samu kuɗi ya yi niyyar alheri, ya sa aka shafe bangon gabas da siminti don a huta da yaɓe. Siminti ba ya kama jikin ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye tana narkewa, daga waje kuwa bango sumul. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa, amma wannan tsagar a bayan siminti take, ba mai ganinta.

Daminar 2024 da taron magada

Ba wanda zai manta daminar 2024. Ruwa ya yi ɓarna daga Maraɗi har Agadas, kuma a farkon watan Satumba tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Kusan kowa ya ga hoton a salula. A cikin makonnin nan ne bangon gabas na gidanmu ya kwanta, ya ja ɗaki ɗaya ya tafi da shi. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. A lokacin mutum biyar kaɗai ke kwana a gidan da ya taɓa ɗaukar fiye da 40: gwaggona, wata matar marigayi baffana, da yara uku.

Bayan damina aka kira taron magada. Ba a taɓa raba gadon gidan ba tun rasuwar kaka, saboda haka masu haƙƙi sun ninka: ɗiya, jikoki da suka gaji iyayensu, matan da ke da tumuni. Shari'a ta fayyace rabon kowa, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Amma zaure ba ya rabuwa. Ba a yanka bakan gizo a ba wannan rabi, wancan rabi. Hanya ɗaya da kowa zai karɓi nasa ita ce a mayar da gidan kuɗi.

Babban baffanmu ya ce, “Ku yara kuna maganar tarihi. To wa zai ba da kuɗɗin gyara? Bana mun yi, baɗi hwa? In ya faɗo wa yaran nan da dare, tarihi zai tashe su?”

Na ce, “Baba, ko zauren kaɗai a bari.”

Ya ce, “Mai saye fuskar hanya yake so, ɗana. Zauren ne a fuskar hanya.”

Gwaggo ba ta ce komai ba sai da aka tambaye ta. Ta ce, “Ni nan aka haife ni, nan aka wanke uwata. Amma ɗiyan ƙanena marayu ne, haƙƙinsu na ciki. Ban hana.”

Ina son ƴan uwana masu karatu su fahimci cewa babu mugu a wannan taro. Wanda ke son a sayar yana da ɗiya a jami'a, ko mara lafiya a gida, ko bashin da ya hana shi barci. Saurayin da ke jiran rabonsa ya sayi babur ya yi kabu-kabu bai yi laifi ba. Mu da muke zaune a Damagaram ko Yamai muna jin daɗin cewa “gidanmu na gado”, alhali ba mu taɓa tattaka laka ba, mu ne ya kamata mu sassauta murya.

Abin da mai saye yake saye

Na ji ana cewa a ƙasashen Turai tsufan gida yana ƙara masa daraja, har dillali yakan yi talla da shekarunsa. A nan akasin haka ne. Dillalin da ya zo bai shiga zauren ba. Ya auna tsawo da faɗi daga waje, ya duba nisan gidan da kasuwa da kwalta, sannan ya ce za a rage kuɗin rushewa da kwashe ƙasa daga farashin. Wato a lissafin kasuwa, ginin da ya ga Tanimu da Nasara da zamanin gyaɗa bashi ne a kan filin. Abin da zai biyo baya mun san shi: jerin kantuna na bulo masu ƙofar ƙarfe, a baya ɗakunan haya.

Doka fa? Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 30 ga Yuni 1997. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram kuma suna cikin jerin jiran shiga tun 2006. Amma gidan falke a wani gari na karkara ba ya cikin kowane jeri, kuma ko da an rubuta shi, takarda ba ta yin yaɓe.

Duk da haka akwai misalai a ƙasarmu da ke nuna cewa ginin ƙasa bai mutu ba. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962 tare da mutanen gari, kuma ginin ya samu kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, a jihar Tawa ɗin dai, maimakon a rushe tsohon masallaci, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye ne domin ana hawa itatuwan da ke jikinta ana sabunta yaɓenta. A duka ukun abu ɗaya ne: ginin yana da aikin yi, kuma yana da jama'a. Gandu ya tafi, amma gari ko unguwa ko ƙungiya na iya tsayawa a madadinsa.

Abin da ya rage gare mu

Ba na tsammanin ɗalibai za su iya sayen gidajen nan. Mu da ke jiran kuɗin bursu ba mu da wannan ƙarfi. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Na farko, rubutawa tun gidan na tsaye. Igiyar awo, kaye, biro da salula sun isa. A zana taswirar gida, a auna kaurin bango da faɗin zaure, a ɗauki hoton zane da rufi daga ciki. Na yi wa namu haka a bakansin da ya wuce, kwana biyu kawai ya ɗauke ni ni da ƙanena.

Na biyu, a zauna da tsofaffin mata. Su suka san wane ɗaki na wace ce, wa ya zauna a bayan rumbu, wace shekara aka haƙa rijiya. Maza sukan ba ka sunayen sarakuna, mata su ba ka gidan kansa. A nemi tsofaffin magina kuma, a ɗauki muryarsu suna bayanin haɗin makuba da ɗaurin baka, da kalmomin sana'ar yadda suke faɗarsu.

Na uku, a shiga maganar gado da wuri, tun kafin bango ya faɗi. Tun ran gini tun ran zane. Musulunci ya san wakafi, kuma magada na iya yarda a ware zaure a mayar da shi makarantar allo, ko ɗakin karatun yaran unguwa, ko wurin da mata masu tukwane za su baje kayansu, a sayar da sauran filin kowa ya karɓi haƙƙinsa. Irin wannan shawara tana karɓuwa idan an kawo ta cikin kwanciyar hankali. Idan an bari sai ruwa ya ci ɗaki, tsoro ne zai yanke hukunci, kamar yadda ya faru a namu.

Na huɗu, mu masu karatun gini da injiniya a Maraɗi da Yamai mu daina kallon ƙasa a matsayin kayan talaka. Garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma tana ɗaukewa, yana da buƙatar sanin da ya sa zauren kaka yake da sanyi ba tare da fanka ba.

Ina ba ƙungiyarmu shawara, a fitowa ta gaba kowane ɗayanmu ya kawo gida ɗaya daga garinsu: Tasawa, Madawa, Matamai, Tibiri, Ƙonni, Dogon Dutsi, duk inda mutum ya fito. Shafi biyu sun isa, taswira a ɗaya, labari a ɗaya, da sunan maginin idan an same shi, da ambaton waɗanda suka ɗauki laka. Wanda ya shirya ya sanar da mu kafin hutun ƙarshen shekara, domin a yi awon kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka gina.